Ruwan Kunnen Yara a Hartum da Umdurman: Asarar da Yaƙi Ya Ɓoye

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023, da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, ƙididdigar da ke fitowa daga ƙasar ta mamata ce, da ta waɗanda suka bar gidajensu, da ta masu kwalara da masu fama da yunwa. Haka ya kamata, domin rai ne a gaba. Amma a gidajen unguwannin Hartum da Umdurman irin su Umbadda da Karari da Mayo da Haj Yusuf akwai wata asara mai tafiyar hawainiya wadda ba ta shiga littafin kowa: yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu, kunnensa na zubar da mugunya wata da watanni, ya tsaya ya dawo, ƙudaje na binsa, uwa na sharewa da bakin mayafi. Ciwon bai cika kisa ba, shi ya sa ake ta ɗage shi zuwa gobe. Ji yake ɗaukewa, kuma a daidai shekarun da yaro yake koyon magana.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce. Ta cikinta hanyar hajjin ƙasa ta bi, kuma alhazai da yawa a can suka yada zango har suka zama 'yan gari. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ja jama'a zuwa gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau kusa da Sinnar. Ana jin Hausa a gonakin Jazira, a kasuwannin Gadarif da Kasala, da unguwannin gefen Hartum. Ɗalibanmu da yawa a jami'o'in birnin suka karanta likitanci kafin a kwaso su a 2023. Saboda haka cikin yaran da ake magana a kansu akwai jikokinmu, kuma ciwon da ke damunsu shi ne wanda ke damun yara a Kurna da Unguwa Uku.

Ta hanci yake biyowa

Iyaye da yawa sun ɗauka ciwon kunne daga waje yake shiga: ruwan wanka, ko nonon da ya zuba a kunnen jariri yayin shayarwa. A mafi yawan lokuta ta hanci yake biyowa. Bayan dodon kunne akwai ɗan kogo mai iska, wanda likitoci ke kira kunnen tsakiya, cikinsa da ƙananan ƙasusuwa uku masu miƙa sauti zuwa can ciki. Wata siririyar hanya ce ta haɗa kogon da bayan hanci. Ita ke shigar masa da iska, ta kwashe danshin da ya taru. A jikin babba hanyar doguwa ce, ta gangara ƙasa. A jikin jariri gajeriya ce, a kwance take, ga laushi. Da zarar mura ta kama shi, bakin hanyar ya kumbura ya toshe, ruwa ya taru a kogon, ƙwayoyin cutar da ke zaune a bayan hanci su samu wurin hayayyafa. Mafi shahara a cikinsu ita ce Streptococcus pneumoniae, wadda ke kawo ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau, sai Haemophilus influenzae.

Dodon kunne kamar fatar kalangu yake: sai tana a ɗame, a bushe, da iska ta kowane ɓangare, sannan take amsa sauti. Idan mugunya ta cika bayansa, sai ya kumbura ya yi ja, yaro ya kwana yana tsala ihu, ga zazzaɓi, yana jan kunne, ya ƙi nono domin tsotsa na ƙara masa zafi. Wannan ya fi yawa tsakanin wata 6 da shekara 2, kuma kusan yara takwas cikin goma kan yi shi aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara uku. Wani nazari da aka wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa ana kamuwa da shi sau miliyan 709 a duniya kowace shekara, fiye da rabi a jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Likitoci na kiransa mai maimaituwa idan ya zo sau uku cikin wata shida, ko sau huɗu cikin shekara.

Hanyoyi uku da ciwon ke bi

A yawancin yara ciwon kan lafa cikin kwana biyu zuwa uku, kunne ya koma yadda yake. A wasu kuma zafi ya tafi, zazzaɓi ya sauka, amma ruwa mai yauƙi ya tsaya a bayan dodon kunne ba tare da ya fito ba. Babu kuka, babu wari, babu abin da ido zai gani. Yaro dai ya rage ji. Irin wannan ruwa kan janye da kansa cikin wata uku a mafi yawan lokuta, kuma a nan akwai abin kwantar da hankali. Jack Paradise da abokan aikinsa a birnin Pittsburgh na Amurka sun bi sawun yara tun suna jarirai har suka kai shekara 9 zuwa 11, suka gano cewa waɗanda aka gaggauta yi wa aikin saka ɗan bututu a dodon kunne ba su fi waɗanda aka jinkirta wa ba, a magana ko a karatu. Sai dai waɗancan yara ne masu ƙoshin lafiya, masu abinci, da likita a kusa yana duba kunnensu a kai a kai.

Hanya ta uku ita ce ta yaran talakawa. Mugunya ta yi yawa, dodon kunne ya fashe, ruwa ya zubo kan matashi. Nan take zafi ya ragu, yaro ya yi barci, gida ya samu sauƙi. "Gara da ya fashe, ciwon ya fita," in ji iyaye. Wasu su ce haƙori ne, idan ya fito zai daina. Idan aka bushe kunnen aka ba da magani, hudar kan rufe cikin 'yan makonni. Idan aka bar shi, ƙwayoyin cuta na waje irin su Pseudomonas su shiga ta hudar su yi gida, ruwa ya ci gaba da zuba, hudar ta ƙi rufewa, a hankali ƙananan ƙasusuwan nan uku su fara lalacewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ke yawo da kunne mai ruwa a duniya, kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu sosai, kuma mafi yawansu a ƙasashe matalauta suke. Hukumar ta ce duk al'ummar da ciwon ya wuce kashi 4 cikin 100 na yaranta tana cikin matsala babba da ke buƙatar ɗaukin gaggawa.

Abin da yaro ke rasawa

Kunne mai huda da ruwa kan rage ji da desibel 30 zuwa 60. Raɗa tana kusan desibel 30, hirar yau da kullum kusan 60. Ma'ana, yaron da kunnuwansa biyu suka kamu yana jin tsawa, yana jin ƙarar mota, yana jin an ƙwala masa kira, shi ya sa uwa za ta rantse ɗanta yana ji. Abin da ke kuɓuce masa shi ne ƙananan sautuka: ƙarshen kalmomi, bambancin "s" da "sh" da "f", maganar da aka yi a bayansa, hirar manya da yara ke tsintar harshe daga cikinta ba tare da an koya musu ba. Shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗora tubalin harshe, kuma da abin da kunne ya kawo mata take gini.

Sakamakon kan bayyana daga baya, a inda ba a danganta shi da kunne. Yaro ya makara wajen magana, a ce gadon gidansu ne. Ya shiga halwa, makarantar allon Sudan, inda karatu gaba ɗaya daga bakin malam zuwa kunnen almajiri yake, ga amon yara da dama suna karatu lokaci guda. A biya masa aya ya maimaita ba daidai ba, a sake biyawa ya sake kuskure, a ƙarshe bulala ta shiga. A makarantar boko a zaunar da shi a baya cikin aji mai cunkoso, ya yi shiru, a rubuta shi cikin daƙiƙai. A gida a aike shi ya kawo wani abu daban, a ce kunnen ƙashi gare shi. Yaro da yawa da aka yanke wa hukuncin taurin kai, da an haska kunnensa da an ga dalili. Yaran gidajen Hausawan Sudan kuma harshe biyu suke ɗauka lokaci guda, Hausa a gida, Larabci a titi da makaranta. Yaro mai lafiyar kunne na ɗaukar biyun ba wahala; mai rabin ji kuwa aikinsa ninki ne.

Rahoton ji na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Maris 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara daga abubuwan da za a iya karewa yake. Ciwon kunnen tsakiya na sahun gaba a cikinsu.

Birnin da dalilai suka haɗu a kansa

Tun kafin yaƙi, Hartum gari ne mai wahalar da hancin yaro. Daga kusan Mayu zuwa Satumba guguwar habub kan taso ta rufe birnin da jar ƙura, lokacin sanyi kuma mura ta zagaya gidaje. A cikin ɗaki akwai hayaƙi iri-iri. Gidan Sudan ba ya rabuwa da turaren wuta, matan aure kuma na da al'adar duhan, zama a kan hayaƙin itacen ɗalha, wadda matan Kano suka san ta ta hanyar gyaran jiki irin na Sudan. Ga gawayin girki da na gahawa, ga taba da shisha. Hujja mafi ƙarfi a kan hayaƙin taba take: yaron da ake shan taba kusa da shi ya fi yawan ciwon kunne. Amma duk hayaƙin da ya cika ɗakin da jariri ke kwana yana fusata hancinsa da wannan siririyar hanya. Ba sai an bar al'ada ba. A fitar da jariri daga ɗakin har hayaƙin ya washe.

Yaƙi ya zo ya ninka kowane dalili. Sama da mutum miliyan uku suka bar jihar Hartum, waɗanda suka rage ko suka koma Karari da sauran wuraren da ke da ɗan sauƙi suka cunkushe, iyalai da dama a gida ɗaya ko a ajin makaranta. Inda yara suka cunkushe, mura ba ta ƙarewa. Gas ya yi wuya, girki ya koma kan itace da gawayi. Ruwan famfo ya ɗauke, musamman bayan hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashoshin lantarki a Mayun 2025, waɗanda kwalara ta biyo bayansu; inda ruwan sha ya gagara, wanke hannu da fuskar yaro na zama abin da ake tsimi. Tamowa ta yi yawa, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin barazanar yunwa mai tsanani a yankin Jabal Auliya da ke kudancin birnin. Jikin yaro mai tamowa ba ya iya korar cuta, hudar kunnensa ma ba ta saurin rufewa.

Rigakafi kuwa, wanda Sudan ta yi suna a kansa, ya durƙushe. Ƙasar ta shigar da allurar kariya daga ƙwayar ciwon huhu cikin jadawalin yara a 2013, a 2016 kuma ta zama ta farko da ta sa allurar sanƙarau nau'in A cikin rigakafin yau da kullum. Bayan ɓarkewar yaƙi hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yawan yaran da ake yi wa rigakafi ya faɗo daga kusan kashi 85 cikin 100 zuwa kusan rabi. Ƙyanda ta dawo, ita kuwa sananniya ce wajen barin yaro da kunne mai ruwa, wani lokaci da kurumta gaba ɗaya.

Sannan ga ƙara. A farkon shekarun 1960 wani likitan kunne Ba'amurke, Samuel Rosen, ya je wurin al'ummar Mabaan kusa da iyakar Habasha, a yankin da yanzu yake cikin Sudan ta Kudu, ya auna jinsu. Rahotonsa na 1962 ya nuna cewa tsofaffinsu, waɗanda suka rayu nesa da hayaniyar inji da bindiga, jinsu bai dushe ba kamar na tsofaffin biranen Amurka. Da wannan bincike sunan Sudan ya shiga littattafan ilimin ji. Yaran Umdurman na yau kuwa sun yi kusan shekara biyu ƙarƙashin ruwan manyan bindigogi, ciki har da wanda ya faɗa kasuwar Sabrin ranar 1 ga Fabrairun 2025 ya kashe mutum sama da hamsin. Fashewar bam a kusa na iya huda dodon kunne nan take. Irin wannan huda kan rufe da kanta idan ba a bar ruwa ya shiga ba, amma idan ƙarar ta taɓa kunnen can ciki, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ina za a kai yaron?

Kafin yaƙi, ƙwararrun likitocin Sudan da manyan asibitocinta a Hartum suka taru. Asibitin yara na Jafar Ibn Auf, asibitin koyarwa na Hartum, da asibitin kunne, hanci da maƙogwaro, nan ake turo marasa lafiya daga jihohi masu nisa. Tsakiyar birnin kuwa ita ce ta fara zama fagen fama, kuma ba ta dawo hannun sojoji ba sai Maris 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Likitoci da yawa sun tafi Masar, Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, ko Port Sudan.

A Umdurman nauyin ya faɗa kan 'yan tsirarun asibitoci, irin su Al-Nau da asibitin yara na Al-Buluk, waɗanda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa. A kudancin Hartum, ƙungiyar ta dakatar da aikinta a asibitin Basha'ir a Janairun 2025 saboda hare-haren da ake kai wa ma'aikata da marasa lafiya. A ɗakin da ake shigo da masu raunin harsashi da yaran da tamowa ta kusa kashewa, uwa mai ɗauke da yaro mai ruwan kunne ita da kanta takan ji nauyin shiga layi. Ko a lokacin lafiya ma ƙwararrun ba su wadata ba: rahoton 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko ɗaya ga kowane mutum miliyan guda, kashi 93 kuma ba su da ƙwararren mai auna ji ko ɗaya ga kowane miliyan.

Abin da ke ba da fata shi ne, yawancin wannan aiki bai buƙatar ƙwararre. Tun ƙarshen shekarun 1990 Sudan ke aiki da tsarin kula da cututtukan yara na bai-ɗaya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara, kuma kunne na cikin abubuwan da ake tambaya a kan kowane yaro. Ƙa'idar a taƙaice take. Ciwon kunne, ko ruwan da bai kai kwana 14 ba: amoksisilin na kwana biyar, farasitamol don zafi, a bushe kunnen. Ruwan da ya kai kwana 14 ko fiye: a bushe kunnen, a ɗiga maganin kunne irin siprofloksasin na mako biyu. Kumburi mai zafi a bayan kunne: a ba da kashin farko na magani, a tura babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Ma'aikaciyar jinya a ƙaramar cibiya za ta iya duk wannan.

Abin da ake ɗurawa, da abin da ya kamata a yi

Idan asibiti ya yi nisa, gida ne ke zama asibiti. A Sudan man riɗi mai ɗumi ne kan gaba. A ƙasar Hausa man ja, ruwan albasa, tafarnuwa, ko nonon uwa. Duka da kyakkyawar niyya ake yi. Sai dai kunnen da ke zubar da ruwa kunne ne mai huda, duk abin da aka ɗura kai tsaye yake wucewa cikin kogon da ya kamata ya kasance a bushe. Haka gashin kaza da tsinken ashana da tsinken auduga: dauɗa suke turawa ciki, su ƙara faɗin hudar. Toshe kunnen da auduga ya wuni kuma yana riƙe mugunyar ne a ciki. Daga kemis ma haɗari na zuwa: maganin da aka sha kwana biyu aka ajiye da zarar kuka ya tsaya yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, wasu magungunan ɗigawa masu jentamaisin ko niyomaisin kuma na iya cutar da kunnen ciki idan dodon kunne a huje yake.

Bushe kunne aiki ne da kowace uwa za ta iya. Ta wanke hannu, ta murɗa tsabtataccen ƙyallen auduga mai laushi ya yi kamar lagwani, ta sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan, ta cire ta sa sabo, har sai ya fito a bushe. Aƙalla sau uku a rana. Sai kunne ya bushe sannan a ɗiga magani, in ba haka ba a kan mugunya maganin zai tsaya. Wajen wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga, kuma yaron da kunnensa ke ruwa ya haƙura da iyo a Nilu ko a kududdufi har ya warke.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: kumburi a bayan kunne har ya turo kunnen gaba, sanƙarewar wuya, ciwon kai mai tsanani da amai, jijjiga, yawan barci da rashin kuzari, ko karkacewar baki. Ƙashi siriri ne tsakanin kunnen tsakiya da ƙwaƙwalwa, kuma mugunya na iya ratsa shi. Nazarin 2012 ya ƙiyasta mutuwar mutum kusan 21,000 a shekara daga irin wannan. Ruwa mai ɗoyi da ya ƙi jin magani shi ma sai ƙwararre, domin wani lokaci alama ce ta fata da ta tsiro a ciki tana cin ƙashi, wadda sai an yi aiki.

Kariya mafi arha ita ce nono. Shayarwa zalla na wata shida na rage ciwon kunne a shekaru biyun farko da kusan kashi 40 cikin 100. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna fiye da rabin jariran Sudan 'yan ƙasa da wata shida nono zalla suke sha, alhali a Najeriya adadin bai kai ɗaya cikin uku ba a 2018. Wannan gado ne da ya kamata masu rabon agaji su kare, ta hanyar ciyar da uwa maimakon miƙa mata madarar gwangwani da bulumboti a garin da ruwansa ba shi da tabbas. Yaron da ake ba bulumboti yana kwance rigingine kuwa ya fi shiga haɗari.

Ba kowace kurumta daga ruwan kunne take ba

Uwa mai shakkar jin ɗanta kada ta tsaya a kan ruwan kunne kawai. Sudan, kamar arewacin Najeriya da Nijar, tana cikin yankin sanƙarau, kuma yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa da wuri. Allurai irin jentamaisin da sitreptomaisin, da kwinin na zazzaɓin cizon sauro, suna ceton rai, amma idan aka wuce ƙima suna taɓa ji. Shawarar jarirai mai tsanani da wahalar haihuwa su ma dalilai ne. Auren zumunci, wanda ya yawaita a Sudan kamar yadda ya yawaita a wurinmu, na ƙara yiwuwar kurumtar gado.

Ma'aunin gida mai sauƙi ne. Jaririn wata uku ya kamata ya razana da ƙara mai ƙarfi, ya natsu da muryar uwarsa. Na wata shida ya juya inda sauti ya fito. Na shekara ɗaya ya amsa sunansa, yana gwalantu da "baba" da "mama". Na shekara biyu ya haɗa kalma biyu. A gwada shi daga baya, inda ba ya ganin fuska ko motsin hannu. Idan uwa ta ce ɗanta ba ya ji sosai, ma'aikacin lafiya ya ɗauki maganarta da muhimmanci, domin ita ke tare da shi dare da rana.

A sa kunne cikin lissafin sake gini

Zuwa ƙarshen 2025, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya sun koma Hartum. Ana gyara tashoshin ruwa, ana buɗe cibiyoyin lafiya da makarantu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ne lokacin sa kunne cikin tsari, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kowace cibiyar da aka buɗe ta samu fitilar duba kunne da wanda ya iya amfani da ita. Amoksisilin da maganin ɗigawa su shiga kwalin magungunan agaji. Duk yaron da aka kawo cibiyar tamowa ko wurin rigakafi a tambayi uwarsa ko kunnensa na ruwa. Matasan ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, waɗanda suka riƙe tukwanen takaya, wato girkin sadaka na unguwa, suka ciyar da jama'a a lokacin da hukuma ta ɓace, za su iya koyon gane alamun haɗari da koyar da bushe kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya na da littafin horo da aka rubuta musamman don irinsu. Malaman makaranta da na halwa su dawo da yaro mai raunin ji sahun gaba, su fuskance shi idan suna magana. Yaran da jinsu ya riga ya tafi kuma suna da haƙƙin na'urar ji, wadda a duniya kashi 17 cikin 100 kawai na masu buƙatarta ke amfani da ita, da haƙƙin komawa makarantun kurame irin cibiyar Al-Amal ta Hartum, da koyon maganar hannu tun suna ƙanana.

Mu kuma da ba a harbi asibitocinmu ba, ba mu da uzurin da iyayen Umdurman suke da shi. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato, akwai ƙananan cibiyoyi a unguwanni. Duk da haka yara masu ruwan kunne na nan cike da makarantun allo da firamarenmu, ana jiran haƙori ya fito. Duk kunnen yaron da ya kai mako biyu yana ruwa, ko ciwon da ya dawo sau uku cikin wata shida, a kai shi a duba a wannan makon. Idan ya warke a nemi a auna jinsa, domin tsayawar ruwa ba ta nufin ji ya dawo.